Akuyar da Ta Shiga Rahoton Filin Ƙwallo

Mu ma muna da teku a Arlit, kada wani ya raina mu. Bayan gidajen ma'aikata take, inda duk ruwan wankanmu da wankinmu yake bi ta bututu ya taru a wani ƙaton rami da kamfanin uraniyum ya haƙa. Masu lambu suna ja daga ciki, sauro yana biki a bakinta. Wani mai barkwanci ne ya raɗa wa ramin suna Teku, sunan ya bi shi, har manyan ma'aikata suna faɗa ba dariya. To a bakin wannan Teku aka ce za a gina mana filin ƙwallo irin na manyan birane, da matakalan zama da ciyawa ta gaske. An kafa allo. Mai zanen, ga alama, bai taɓa taka Arlit ba, don ya yi ruwan kamar an zuba masa bula, har da ɗan kwalekwale a tsakiya.

Fentin allon bai koɗe ba kasuwar uraniyum ta faɗi, aka shiga rage ma'aikata. Maigidana direban babbar mota ne a ramin haƙa, sunansa ya fito cikin waɗanda aka sallama. Gidan da muke ciki na kamfani ne, wanda ya bar aiki kuwa makulli yake miƙawa. Ina da yara huɗu a lokacin, biyu suna lakwal, wato makarantar boko, kuma a garinmu Damagaram ba mu da ko zana da za mu ce tamu ce. Allah Ya taimake mu da wani shef, babba a kamfanin, da ya ji tausayinsa, ya sa shi gadin filin ƙwallo. Muddin yana gadi, muna cikin gida. Sharaɗi biyu aka gindaya masa: duk mako ya aika wa ofishin Yamai rahoton yadda aiki ke tafiya, da Faransanci, sannan kada wata halitta mai baki ta taɓa ciyawar nan.

Shi karatun allo ya yi, ya kuma yi shi da kyau, amma Faransancinsa na birki da giya ne. Ni ce na yi kolej. Ya sayo littafi da alƙalami ya ajiye mini kusa da tukunya.

"Ƴar lakwal, yau ranar karatunki ta zo. Rubuta musu aiki yana ci gaba."

Makonnin farko ban sha wuya ba, don da gaske yana ci gaba. An haƙa tushe. Katangar gabas ta kai ƙirjin mutum. An kafa ƙarfen raga ɗaya, ɗayan wai yana hanya. Ciyawa kuwa ita aka fara shukawa, saboda irinta ta jirgin sama ya zo, siminti kuma ta mota, motar ma sai ta ga dama. Aka kewaye ta da waya, aka jawo tiyo daga Teku. Daga nan magina suka fara raguwa, yau uku gobe biyu, har ranar da na kai wa maigida abinci na tarar ba kowa sai shi da wata baro mai ƙafa a sama.

Ran Asabar, ranar rahoto, ya zauna bakin ƙofar kicin yana sakace. "Rubuta aiki yana ci gaba."

"Malam, wane aikin?"

"Ke dai rubuta. Takarda ce, ba rantsuwa ba."

"Mala'ikan da ke kafaɗata ta hagu bai san bambancin ba."

Ya kalle ni, ya kalli kafaɗar, kamar zai roƙi alfarma. Can na ce akwai abin da ke ci gaba tsakani da Allah, ita ce ciyawa. Washegari na tafi da tsinken tsintsiya na auna ta, na rubuta ta kai gaɓar yatsa biyu. Tun daga nan rahotonmu ya zama na ciyawa. Katanga tana nan yadda take, raga ɗaya ce har yanzu, ciyawa ta kai rabin taƙi. Duk mako ina ƙarawa da cewa injin yankan ciyawa bai iso ba. Na kan fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, ya gyaɗa kai, ya sa hannu. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Mazan gari fa ba su yanke ƙauna ba. Da la'asar sakaliya, waɗanda aka sallama daga aiki sai su taru su jingina da rabin katangar nan suna duba aiki. Kowa ya zama injiniya. Na ga dattawa biyu, wani Bakatsine mai shago da wani mutumin Tawa, sun kusa cin kwalar juna kan wanda zai zauna a inuwa, alhali wurin da suke nunawa da sanda sararin Allah ne. Gaisuwar gari ma ta sauya. Mata a famfo sai su ce mini, "Ina kwana, ina gajiya, ina ciyawa?" In ce ciyawa ta gode.

A shekarar ne damina ta ƙi. Mutanen daji suka fara shigowa daga wajen Gougaram da Dannet, waɗanda a da suke kawo mana cuku da raguna, yanzu suna jan abin da ya rage musu da igiya. Suka kafa bukkokin kwali da gwangwani a bayan gari. A duk faɗin ƙasar nan, tafiyar kwana da kwanaki, babu wata koriyar ciyawa sai tamu. Ciyawar ta kai ƙwauri, tana sheƙi, tana kaɗawa. Awaki suka kewaye wayar, ba sa kuka, kallo kawai suke yi, ƙasusuwansu a waje. Filin dai ya sami ƴan kallo kafin ya sami ƴan wasa.

Maigida ya zama mai tsaron gida na gaske. Ya tare ta nan, ya yi tsalle ta can, rawani na warwarewa. Dattawan katanga suna masa tafi in ya kama wata ta zura kai. Ya dawo gida yana ba ni labarinsu ɗaya ɗaya: mai karyayyen ƙaho munafuka ce, jar nan kuwa ta iya haƙa kamar gafiya. Yana faɗa yana dariya, amma na lura tuwonsa ya fara saura a kwano.

Ranar Juma'a ni nake riƙe masa wurin in ya tafi masallaci. Ya kan ba ni sanda, makullin ƙofar waya kuma ya zura a aljihu. Wata Juma'a ya sauya riga, makullin ya zauna cikin tsohuwar, wadda ya rataye a ƙusa cikin rumfar gadi. Ina zaune ina jan carbi sai ga wata tsohuwa Buzuwa, da jariri a ƙirji, tana jan farar akuya. In ce tana ja, gaskiya rabin ɗaukarta take yi.

"Ƴar'uwa, ruwa kaɗan," ta ce, tana nuna tiyo. Hausarta guntu-guntu ce. Ba ta roƙi ciyawa ba, ko kallonta ba ta yi ba, irin kawar da kan da mai azumi yake yi in ya bi ta gaban mai tuya.

Na ce wannan ruwan ba na sha ba ne, na ba ta na gorata. Na tambaye ta ina uwar yaron. Ta nuna arewa da haɓa, ta ce, "Ya mutu a hanya. Ɗiyana ne." Sai ta kama hantsar akuyar ta matsa mini in gani. Ko ɗigo. "Shi ne uwansa yanzu. Shi ma ya ƙare."

Jaririn bai yi kuka ba, ya buɗe baki ne kawai ya rufe. Akuyar ta durƙusa a gaban waya, ta zura harshe tana neman wani ganye da ya fi ƙarfinta da kamar faɗin yatsa.

Na san gidanmu ne a cikin aljihun rigar nan. Na sani sarai. Na tsaya ina karanto duk abin da na sani game da amana, hannuna kuma yana cikin aljihu yana lalube. Na ce da ita, "Baiwar Allah, kafin a sallame salla." Na ja akuyar zuwa lungun da ke bayan ragar nan ɗaya, inda nake ganin ba mai lura. Ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Kafin mu ji hayaniyar masu dawowa ta share wuri kamar faɗin tabarma biyu, ƙasa-ƙasa, daidai wa daida, kamar wanzami ya bi da aska.

Maigida bai gani ba. Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma ga Asabar, ga littafi. Na rubuta katanga, na rubuta raga, na rubuta injin bai iso ba. Alƙalamin ya tsaya. Na tashi na juya miya na dawo, yana nan tsaye. Sai na rubuta, na kuma fassara masa kamar kullum, ban sauke murya ba: ranar Juma'a akuya ɗaya ta shiga ta ci ciyawar bayan raga, matar mai gadi ce ta buɗe mata, mai gadi yana masallaci bai sani ba.

Tsinken sakace ya faɗi daga bakinsa.

"Matar wane mai gadin?"

"Mutum nawa ke gadin, Malam?"

"Innalillahi! Wata uku ina tsalle kamar biri a gaban dattawa, ashe a gidana za a zura mini! To kin yi, Allah Ya gani, ba sai Yamai ta gani ba. Goge."

"In na goge, rahoton ya ce ba abin da ya taɓa ta. Ga alƙalami, ka rubuta da kanka."

"Da wane Faransancin? In ce musu birki?" Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. "In aka kore mu, akuyar ce za ta goya mu zuwa Damagaram?"

Na ba shi labarin jaririn da yadda yake buɗe baki ba sauti. Ya fita, na ji yana yi wa buta faɗa a tsakar gida. Da ya dawo ya ja littafin ya sa hannu da ƙarfi har takardar ta huje, ya ce, "Ai ba mai karantawa."

Juma'ar da ta biyo, na shiga rumfa na ga makulli a rataye a ƙusa, shi kaɗai, ba riga. Ya kuma tafi masallaci tun kafin kiran farko.

Haka muka yi ta yi. Da yake ba ni da wani sabon labari, sai akuyar ta cika rahoton. Na rubuta ranar da nononta ya dawo. Na rubuta yaron ya yi kuka har ya dami dattawan katanga. Ciyawar sauran fili kuwa ta wuce gwiwa, ta fara kwanciya tana ruɓewa daga ƙasa, har an kashe maciji a tsakiyar fili, shi ma na rubuta.

Sai ga takarda daga Yamai, ta farko tun da muka fara: wani babba yana tafe duba filin. Na wanke tukwanena na jera su cikin juna, na ɗaure tabarmi. Ban gaya wa yara dalili ba.

Ya zo da hantsi, wani siririn mutum mai tabarau, da jaka a hammata. Maigida ya sha babbar riga, ni ina bayan rumfa kamar mai jiran hukunci. Mutumin bai kalli katanga ba. Ya gaisa, ya waiga hagu da dama, ya ce da Hausar Yamai, "Ina akuyar?"

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, wace akuya?"

"Farar. Yaron ya fara zama?"

Ashe ana karantawa. Ya ce aikinsa a shekarar nan rufe takardun ayyukan da suka tsaya ne, kowane rahoto ya buɗe sai ya ga aiki yana ci gaba, in ya je wurin ya tarar da fili fetal. Namu ne kaɗai in ya ce raga ɗaya, to ɗaya ce. Matan da ke buga takardu a ofishinsu har rigima suke kan wadda za ta fara buɗe ambulan ɗin Arlit. Injin yanka kuwa, ya ce mu daina jiransa.

Ya kutsa cikin ciyawar yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, har bayan raga. Ya tsaya a kan wurin akuyar, luf-luf, kore shar, ya ɗan yi tsalle a kai. Ya ce duk filin nan, nan ne kaɗai za a iya buga ƙwallo. In an bar sauran haka, wata biyu ta mutu, in ta mutu kuma babu abin gadi, dole ya rufe takardarmu. Ya juyo ga maigida. "Awaki nawa za su iya da filin duka?"

Nan fa aka zo fagensa. Wa ya san awakin nan kamarsa? Ya shiga lissafo su, wadda za a sa a tsakiya, wadda sai an ɗaure ta don tana tumɓuke saiwa, mai karyayyen ƙaho kuwa sai da mai ita a kusa. Mutumin yana rubutawa. Kafin azahar an mai da shi mai gadi da kula da ciyawa, da izinin shigar da dabbobin mutanen daji bi da bi, kowace rana ɓangare guda. Na koma gida na kwance tabarmi.

Ba a taɓa gama filin ba. Tekun ma da ruwan wankan ma'aikata take rayuwa, da aka ci gaba da sallamarsu sai ta yi ta ja da baya, har filin bakin ruwa ya koma sai an ƙara tiyo uku. Lokacin da tawaye ya tashi hanya ta zama sai da rakiyar soja, rahoto ya daina tafiya, na daina rubutawa. Amma mun ƙara shekaru a gidan nan, yarana sun gama lakwal a cikinsa. Tsohuwar ta koma daji tun da ruwa ya sauka, da jikanta yana tafiya da ƙafarsa yana riƙe da wutsiyar farar akuya.

Na sha tambayar maigida maganar makullin nan. Har Allah Ya karɓi abinsa bai taɓa yarda da gangan ya bari ba. Wai mantuwa ce. Na ce wace irin mantuwa ce ba ta kama mutum sai ranar Juma'a? Ya ce in ina da ƙorafi in rubuta wa Yamai.