Hannun Malam a Kan Mayafina

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, majemin fata a unguwar Bukan Sidi. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, jikata Rakiya tana rubutawa, in kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira.

Malam da 'ya'yan bagaruwa yake jima. A daka su, a jiƙa, a tsoma fata har ta sha. Gishirin garin Awe kaɗai yake yarda a barbaɗa wa ɗanyar fata. Da zai leƙo yau, da ya tarar an cike ramin jimarsa an kafa shagon cajin waya a kai, fatun kuma ana babbake su a ci. Na san ba zai yi faɗa ba, tsaki ɗaya zai ja ya wuce.

Ranar da zai rasu, da hantsi, ya taso daga bakin ramin hannunsa jiƙe da ruwan bagaruwa. Ina shirin tafiya kasuwa da farin mayafi. Mutumin da bai taɓa riƙe ni a tsakar gida ba, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Tsaya." Daga nan ya sulale. Bai ƙara magana ba.

Na ninke mayafin na sa a akwati, fari fat, na rantse. A shekara ta uku na buɗe, sai ga inuwar hannu a kafaɗar, kamar an ɗiga shayi. Yatsu huɗu. Wuƙar jima ta cire wa Malam ƙaramin yatsa tun yana saurayi. Kowace damina hannun sai ya ƙara duhu. Ban gaya wa kowa ba, amma a raina na yanke cewa ranar da ya gama rinewa, ranar zan bi shi.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Rakiya ta girma, tana karatun haɗa sinadarai a jami'a, kuma bagaruwar kakanta aka ba ta ta bincika. Takan ɗiga wani ruwa mai launin shuni a cikin ruwan bagaruwa, launin ya ɓace, da haka take gane ƙarfinsa. Bara na nuna mata mayafin.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kaka, iska ce."

Na ce, "Ai ni ma na san iska ce. Shi ya sa nake tofa addu'a kafin in buɗe."

Ta yi dariya. "Haba tsohuwa! Ba aljani ba, wannan da muke shaƙa. Abin da ke sa bagaruwa ɗaure baki, shi ne ya shiga zaren. In ya haɗu da iska sai ya yi ta rinewa, kamar goron da aka ɓare."

Na ce, "To, malamar zamani, in ya gama rinewa fa?"

Ta dube ni, ta gane abin da nake nufi, dariyar ta ɗauke. Washegari ta zo da leda mai kauri, ta sa mayafin, ta matse iskar ta liƙe bakin. Ta ce yanzu ba zai ƙara duhu ba. 

Wata biyar ya yi a ledar. Na ci, na sha, ban yi ciwo ba. Sai dai duk lokacin da na buɗe akwatin, ji nake kamar na toshe wa Malam hanci.

Ban ƙaryata ilimin yarinyar nan ba. Malam ma yakan ce fata ba ta nuna ainihin launinta sai ta sha iska. Takalman da aka ɗinka da fatunsa duk sun ƙare, ramin ya tafi, masu tuna shi a unguwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abin da ya saura shi ne aikinsa na ƙarshe, wanda bai gama ba tukuna, kuma a kafaɗata yake.

Rakiya ba ta sani ba sai yanzu da take rubutawa. Ranar Juma'ar da ta wuce na yage ledar. Ki daina kuka, ki rubuta. Mayafin yana kan igiya a bayan ɗaki, iska na kaɗa shi. Malam ya ce in tsaya, na kuwa tsaya shekara goma sha tara. Allah ya jiƙansa, ya sa in hannun ya gama rinewa, in tarar da shi yana jira.