Ƙugiyar da na goge

Har yau ban manta da ranar da Hajiya Mariama ta zo karɓar allonta ba. A 2005 ne, shekarata ta biyu a garejin Mista Hal da ke garin McLeansville. Dattijo ne Bature, ya yi ritaya, yana yanka sunaye da ƙananan kayan ado a katako. Ni kuwa yara sun shiga makaranta, zaman gida ya ishe ni, shi ne nake zuwa wurinsa kwana uku a mako.

Ga wanda bai san injin da muke yankan da shi ba, zarto ne siriri kamar zare, yana hawa da sauka kamar allurar keken ɗinki. Sai ka manna takardar zane a kan katako, ka huda ƙaramin rami, ka zura zarton, ka riƙa juya katakon a hankali. Dokar Mista Hal ɗaya ce: in abu ya karye, ka faɗa, a sake.

Hajiya Mariama 'yar Maraɗi ce, za ta buɗe gidan abinci a High Point Road. Ta ce a yanka mata "Maraba da baƙi". Da yake ni ce mai jin Hausa, ni aka ba aikin. Ranar Alhamis na kai kan harafin ƙ, hankalina yana kan motar makarantar yara, na tura katakon da ƙarfi. Ƙugiyar saman harafin ta ɓalle. Na duba, Mista Hal yana waje. Na ɗauki samfefa na goge wurin har ya yi sumul, na shafa mai, na ce a raina wa zai lura.

Ranar Asabar Hajiya ta zo. Ta ɗaga allon, ta karanta, ta kwashe da dariya.

"Maman Amina, maraba da baki? Wato mai ci kawai nake nema, ba baƙo ba? Bon, gaskiya ne, amma ba a rubutawa a ƙofa."

Nan ne na yi abin da ya fi karya ƙugiyar muni. Na ce da Hausa, ina murmushi, "Hajiya, kin san mutanen nan. Ya ga abin ya ɗauka kuskure ne, ya goge."

Na ɗauka maganar za ta tsaya tsakaninmu. Sai Hajiya ta juya wurinsa, da Turancinta mai gauraye da Faransanci, ta ce masa don Allah nan gaba ya bar haruffanmu yadda suke, ya riƙa tambayata tunda ni na sani.

Mista Hal ya karɓi allon, ya shafa wurin da babban yatsansa. Ya dube ni sau ɗaya. Ya ce mata ta yi haƙuri, ta dawo Talata.

A sallar la'asar ta ranar na kasa tuna raka'a nawa na yi.

Litinin da safe na tarar da shi da guntayen katako, duk ƙ ce a jiki, wasu sun karye. Ya ce ya gano matsalar. Ƙugiyar tana ratsa zaren katakon ne, wato layukan da ke jikinsa, shi ya sa ba ta da ƙarfi, amma in an juya zanen kaɗan za ta tsaya. Ya tambaye ni ko akwai wasu haruffan masu irinta. Na rubuta masa ɓ da ɗ. Sannan na ce ni ce na karya, ni ce na goge, kuma na ce wa Hajiya shi ne.

"Na sani," in ji shi. "Ni ba na goge katako ta wannan gefen."

Ya ce a wurinsa ya wuce, amma matar can har yanzu tana ganin shi mai ɓata rubutun mutane ne.

Ni na sake yanka allon, ni na kai mata. Na faɗa mata a kicin ɗinta, tana yanka albasa. Ta ci gaba da yankanta. Daga baya ta ce, "Kin sa na yi wa sa'an babana faɗa a banza." Ta zuba shinkafa da miya a kwano ta ce in kai masa, in ce daga ita ne, pardon, wato ya yi haƙuri.

Ku da kuke koyo a hannuna yanzu, katako zai karye muku, wannan ba komai ba ne. Abin da na koya shi ne, harshen da Allah ya ba mu ba labule ba ne da za mu ɓuya a bayansa mu ɗora wa wanda ba ya ji laifi.