Hayaƙin Zaiba

A kasuwar unguwar masassaƙa ta birnin Faris na Faransa, Perrine tana kallon wani mutum a gaban mai sayar da miya. Bai tsufa ba, amma bakinsa ba haƙori, hannuwansa na rawa kamar mazari. Ya ɗaga kwano, rabin miyar ta zube masa a ƙirji.

"Maigida, tun da safe har ka bugu?" in ji mai miya.

"Ina fa, uwata! Hayaƙin zaiba ne. Ni nake shafa wa adon teburan fada zinariya, da zaiba ake kwaɓa ta a gasa a wuta."

Wataƙila matarsa ce ke ɓalla masa maɓallin riga, Perrine ta ayyana a ranta. Sana'ar angonta ke nan. Jiya cokali ya suɓuce wa angon, har suka yi dariya.