Katunan Farashin Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana aikin akawu a Batagarawa kafin ya yi ritaya. Da na buɗe shagon atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, shi ya ce zai riƙa rubuta mini katunan farashi da Turanci, tunda yawancin masu sayen kayana matan ofis ne da 'yan bautar ƙasa. Duk Alhamis in kai masa jerin kaya gida a Ƙofar Durbi, ya zauna a zaure ya yanka kwali, ya ja layi da rula, ya rubuta.

Ba ya wasa da aikin nan. Alamar naira a gaba da layukanta biyu, waƙafi bayan dubu, kuma in an sa alamar ba a sake rubuta kalmar naira a ƙarshe. Ran da ya ga maƙwabcina ya rubuta nasa yadda ya ga dama, sai da ya tsaya ya yi masa lacca a gaban jama'a, ni kuwa kamar in nutse don kunya.

Da hawan jini ya kayar da shi, ya tashi da rawar hannu. Lambobin suka karkace, wani lokaci sifili ɗaya ya ɓace. Wata mata ta ɗauki leshin dubu arba'in da biyar, ta kafe sai dai in sayar mata dubu huɗu da ɗari biyar, ai haka kati ya ce. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, muka yi ta sa-in-sa har aka taru. A ranar na je shagon kwamfuta aka buga mini sababbi.

Ban gaya masa ba. Na ci gaba da kai jerin kaya duk Alhamis, in karɓo nasa in zuba a durowa. Wata biyar ina haka. Ina ce wa kaina tausayinsa nake ji, alhali tsoron kallon idonsa ne.

Wata Talata yana dawowa daga asibiti ya sa mai napep ya biyo da shi kasuwa. Sai ganinsa na yi a bakin shago da sanda. Ya sa tabarau, ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya rubuta wanga?"

"Kwamfuta ce, Baba."

"Tun yaushe?"

Na ɗebo masa ruwa. Ya ƙara dubawa, ya ce, "Babu kuskure ko ɗaya." Ya sha ruwa, ya sa wa shago albarka, ya tafi.

Ran Alhamis na je da jerin kayan, don ban san me zan yi ba in ban je da shi ba. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri. Ya karɓi takardar ya ninke, ya miƙo mini abata. Babu fushi a muryarsa, da ma faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi.

"Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗa mani? Kati goma kwana biyu nike yi a kansu, hannun na yi mani zogi har kahwaɗa. Na daure ne don na ɗauka kina buƙata."

Bara ya rasu. Har yau ban yafe wa kaina watanni biyar ɗin nan ba.