Yatsa Uku

A bakin tashar Jega in ka tambayi Safiyanu bakanike, sai a tsaya ana tambayarka wane Safiyanun. Amma ka ce Yatsa Uku, ko mai sayar da rake zai nuna maka rumfarsa. Sunan ya fito ne daga huɗubarsa guda ɗaya tilo, wadda direbobi suka haddace dole: fulogi da yatsa uku ake fara ɗaura shi, kuma sai inji ya huce. Sifana a ƙarshe take zuwa, don ƙarfen kan inji laushi gare shi, in fulogi ya shiga a karkace sai ya cinye haƙoran ramin.

Ɗan Katanga ne, ɗan manoma. Tun ranar da ya kwance injin ban-ruwan mahaifinsa ya mayar ya tashi, aka san fartanya ta yi asararsa. Mutum ne mai tsabtar aiki, mai kuma son a san da haka. Matarsa Aminatu kan ce ko murfin kwalbar manja ta rufe a karkace, sai ta sha bayani kafin a ci tuwo.

Cikin masu kawo masa gyara akwai Murtala, matashin direba mai jigilar albasa daga Aliero. Wata ranar kasuwa da hantsi ya faɗo rumfar, mota na tari, idonsa jajur. An kira shi a waya yana hanya.

"Baba Yatsa Uku, tsoho ya cika," in ji shi. "Andarai za ni, an ce ba a wuce azahar."

Ya miƙo sababbin fulogogi da ya saya a bakin titi. Safiyanu ya buɗe bonet, zafi ya buge shi a fuska. Ya san abin da ya kamata: ya ce wa yaron nan ya bar motar, ya hau ta haya. Amma direbobi sun kewaye, ana cewa ai tunda an zo hannun gwani an gama, shi kuwa yabo na shigarsa. Ya kai yatsa, ƙarfe ya ƙone shi, sai ya ɗauki sifana. A rami na uku ya ji fulogin ya cije tun bai yi nisa ba. Hannunsa ya gaya masa gaskiya, ya ƙi ji, ya danna ya ƙara murɗawa. Mota ta tashi lafiya, ya yi wa Murtala gaisuwa da addu'ar Allah kiyaye hanya.

Kafin Maiyama fulogin ya yi tsalle ya fice daga inji da ƙara kamar bindigar maharba. Kafin Murtala ya samu mai babur ya isa Andarai, mutane na dawowa daga maƙabarta.

Bayan sadakar bakwai aka jawo motar, kuma rumfar Safiyanu aka kawo ta, don wa za a kai wa in ba shi ba. Ya cire kan injin, ya kai Birnin Kebbi wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, aka sa wa ramin sababbin haƙora. Ya dawo ya haɗa komai a tsanake. Wannan gyaran bai ba shi wuya ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne Murtala, wanda ya rame, yake wuni kan bencin rumfar yana juya fulogin nan a hannu, yana gaya wa duk wanda ya zauna cewa shi ya ja wa kansa. Ya sayi fulogin banza, shi ya sa bai ga fuskar mahaifinsa ba, bai kuma tsaya a sahu ba. Mutane na ba shi haƙuri, suna tsine wa masu jabu. Safiyanu na ƙarƙashin bonet yana ji, kunya da baƙin ciki na cin sa. Ba wanda ya zarge shi, kuma ba wanda zai taɓa zarginsa.

Ranar da za a ɗauki motar, rumfa cike, ya karɓi fulogin ya ɗaga shi a rana.

"Hulogin ga lahiya lau shike, Murtala. Wanga hwarin gari da kaka gani cikin haƙora nai, naman injinka na. Da zahi niɗ ɗaura shi, da sihwana. Na ji ya cije, ban tsaya ba."

Murtala ya daɗe yana kallon yatsun dattijon, sannan ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya karɓi makulli, ya bar fulogin a kan benci.

Har yau yana kawo gyara, yana gaisuwa da ladabi, ya kuma mayar da jikinsa. Tasha na nan tana kiran Yatsa Uku, Safiyanu na amsawa don ba yadda zai yi. Murtala kaɗai ne tun ranar yake ce masa Malam Safiyanu.