Gyaɗar da Gwaggo ta tsince

Shekaruna a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a sun haura ashirin, amma ranar da ba ta fita daga raina ita ce wata Talata da kaka, ranar da na gano cewa ni da bakina na kusa jawo wa Dakta Hauwa asarar feloshif. Ku sababbin ɗauka ku matso kusa, don ku ma wata rana za a tura ku ƙauye ɗibar samfur.

Feloshif, ga wanda bai sani ba, gurbi ne da ake ba matashin malamin jami'a ya je wata babbar cibiya ya yi shekara biyu yana bincike, a ba shi kayan aiki da manya masu duba shi. In ya dawo, hanyar ƙarin girma ta buɗe. Dakta Hauwa lakcara ce ƙarama a lokacin, ta nemi irin wannan gurbi sau biyu ba ta samu ba, kuma wannan shi ne na ƙarshe, don shekarunta sun kusa wuce ƙa'idar da suka sa. Bincikenta a kan ciwon dajin hanta ne. Akwai wata guba da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, kuma tana cikin abin da ake alaƙantawa da ciwon. Masu feloshif ba sa son dogon Turanci kawai, sai ka nuna musu ɗan sakamakon farko, a ga cewa matsalar tana nan a gidajen mutane.

Da yake ni ɗan wani ƙauye ne a bayan Bici, sai Farfesa, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis.

"Malam Sabo, mutanenka ne. Ka shige mata gaba."

"Ranka ya daɗe, an gama," na ce, har da buga ƙirji.

Tsarin aikin ba wuya. Za a sanar da mai unguwa, a nemi izinin maigida, a ɗebi tiya guda daga abin da gidan ke ci, a ƙulle a leda, a rubuta lamba maimakon suna. Ni kuwa da son a san na zama wani abu a birni, mako guda kafin zuwanmu na tafi na ce wa mai unguwa manyan baƙi daga jami'a za su zo duba gyaɗar garinmu, don Allah kada a ba ni kunya.

Ba su ba ni kunya ba kuwa. Ranar da muka je, kowane gida muka yi sallama, sai a fito mana da gyaɗa a sabon faifai, jawur, ɓul-ɓul, kamar za a kai gidan biki. Wani tsoho ma ya rantse tiya guda raini ne, sai mun ɗauki rabin buhu. Muka dawo mota fal da leda da kabewa da zabi biyu. Dakta sai murna take: "Malam Sabo, mutanenku akwai karamci." Ni kuwa ina ta hura hanci.

Da sakamako ya fito, kusan babu gubar a cikin gyaɗar. Muka sake gwadawa, haka. Na zargi injin, na zargi sinadarin, har na yi wa mai kawo mana kaya tas a waya, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Saura kwana tara a rufe karɓar takardu. Na shiga ofishin Dakta na tarar ta zuba wa takardar ido.

"In gyaɗar lafiya lau take, ai abin farin ciki ne," ta ce. "Ba zan rubuta abin da ban gani ba. Sai dai na san marasa lafiyan da nake gani a asibiti daga ina suke zuwa."

Wallahi ta ba ni tausayi. Na ce mu koma ko sau ɗaya, mu ga yadda ake adanawa.

Talatar nan muka sauka ba sanarwa, muka zarce gidan Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, wadda duk garin ita ke yin ƙuli-ƙuli. Muka same ta a tsakar gida da faifai biyu a gabanta. Ɗaya irin jar gyaɗar da aka ba mu. Ɗayan kuwa ƙanana ne, motsattsu, wasu sun yi baƙi, wasu da ɗan kore-kore a jiki. Tana ganin Dakta ta yi wuf ta ja zani ta rufe na biyun.

"Kai Sabo, haka ake yi? Ka kawo min baƙuwa ba ko aike?"

"Gwaggo, mene ne wancan kika rufe?"

"Ina ruwanka? Tsinta ce."

Dakta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, wadda aka ba mu rannan, daga wane faifan take?"

Gwaggo ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Haba 'yar nan! Kwana uku matan garin nan suka yi suna tsince muku ita ɗaya-ɗaya. Yaron nan ya ce kada a ba shi kunya. Baƙo guda daga jami'a, a ba shi ruɓaɓɓiya? Sai ka ce ba a gidan mutunci muka tashi ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da aka haifa a garin, ni da na ci wannan tsintar har na girma, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

"To mai kyan ina take zuwa?" in ji Dakta.

"Kasuwa mana, da iri, da baƙi."

"Wannan fa?"

Gwaggo ta janye zanin da kanta. "Wannan ita muke ci. Kunun yara, miya, ɗan ƙulin gida. Ai ba a zubar da abinci."

Dakta ta zauna dirshan a tabarma. Ta yi mata bayanin gubar ba tare da tsoratarwa ba, ta ce ba ta zo ba da maki ba, ta zo ne ta ga abin da ke shiga tukunya. Gwaggo ta saurara tsaf, ta tambaya ko irin ciwon nan ne mai kumbura ciki da sa ido ya yi rawaya. Dakta ta ce yana iya zama, amma ba kowane ba. Ni dai na san marigayi mijinta take tunawa, don irin ciwon nan ne ya yi ajalinsa. Can ta miƙe ta yafa mayafi.

"Tashi mu je. Kai kuma Sabo ka tsaya a soro da ledojinka, ka yi mana shiru, surutunka ya isa."

Gida-gida ta shiga da Dakta. Ina daga soro ina jiyo ta: "Ke Asabe, ba ta baƙi ba, ta tukunya za ki ɗebo. Nawa ma na bayar, kunyar me?" Kafin la'asar mun cika kwali biyu da gyaɗa mafi muni da na taɓa yi wa murna.

Kwana huɗu muka yi a kan injin, sakamako ya fito, ga gubar nan ɓaro-ɓaro. Dakta ba ta jefar da na farkon ba. Ta jera su biyun a takardarta, gyaɗar baƙi da gyaɗar gida, ta rubuta dalilin bambancin. Ta gaya min daga baya cewa a intabiyu rabin lokacin a kan wannan suka tsaya. Farfesa kuwa har ya yi ritaya yana kirana Sarkin Sanarwa.

Ta samu gurbin. Yanzu ita ce take zama a kujerar Farfesa, kuma kowace kaka tana zuwa garinmu da ɗalibanta a nuna wa mata yadda ake shanya a kan tamfol da abin da bai kamata ya shiga tukunya ba.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi wa mai bincike ba, girmama shi suke yi. In kun je ƙauye, kada ku tambayi abin da suke da shi, ku tambayi abin da suka ci jiya.

A waccan shekarar, ana jibi Dakta za ta tashi zuwa cibiyar, Gwaggo ta aiko ni da ƙullin gyaɗa, jawur, an tsince ta tas. Ta ce, "Ka gaya mata wannan ba ta injin ba ce, ta ci ce. Kuma ka ce mata yanzu mu ma irinta muke ci."