Datti Direba, Wanda Ya Gane Gari da Waƙa

Da an sallame sallar asuba a Ajingi, kafin masu ƙosai su gama hura wuta, Datti ya riga ya isa wajen motarsa. Farar bas ce, tsohuwa, amma ba ka jin ƙarar komai a jikinta. Da hannunsa yake wanke ta. Ya duba ruwa da baƙin mai, sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da guntun ice, ya karkata kai yana sauraro kamar mai gwada kalangu a kasuwa. In ya gamsu sai ya zauna a bencin Barira mai koko, bakinsa na shan koko, kunnensa na wajen hirar mutane. Kafin bakwai mota ta cika, ya yi bismilla ya kama hanyar Gaya, daga can Wudil, daga can Kano. Haka ya yi shekara talatin da ɗaya, sai watan jiya ya ajiye makulli.

Akwai rediyo a motar, amma ba ta cika aiki ba. Da an bar gari za ka ji wani daga baya ya ce, "Baba Datti, kashe wannan, ba mu taka." Manyan yatsunsa biyu a kan sitiyari su ne gangarsa, waƙar kuwa a cikin motar yake tsintarta. Wata safiya takalmin wata mata mai suna Hanne ya sulluɓe ta ƙofa wajen saukar wani fasinja, ba ta lura ba sai da aka yi nisa. Ta ɗaga murya tana kiran direba ya tsaya. Datti ya juya mota aka koma aka ɗauko mata, kuma kafin su shiga Gaya har ya ɗora:

Direba tsaya, takalmina,
Ɗaya na ƙafa, ɗaya na hanya,
In ka je Gaya ka gaya musu,
Hanne na tafe da ƙafa ɗaya.

Hanne ta rufe fuska da mayafi tana dariya har da hawaye. Ba a yi sati ba 'yan mata suka ɗauke ta a dandali.

Wanda ya fi kowa sanin waɗannan waƙoƙi, ya kuma fi kowa jin zafinsu, shi ne Malam Gwadabe. Tare suka yi makarantar allo da Datti. Gwadabe ya wuce boko har ya zama malamin Hausa a wata sakandare a Gaya, Datti kuwa ya bi manyan motoci. Shekara ashirin da shida Malam Gwadabe yana shiga motar nan kullum da safe, kujerarsa ɗaya, wadda ke bayan direba. Shi ma mawaƙi ne, amma na takarda. Ya san kari, ya san amsa-amo, yakan kwashe wata uku a kan waƙa guda. A satin da waƙar takalmi ta fito, shi ya karanta baiti arba'in a kan muhimmancin ilimi a taron makaranta. An tafa masa, shugaban makaranta ya ba shi hannu. Da aka tashi, yana tafe a bayan ɗalibansa mata, sai ya ji abin da suke rerawa ƙasa-ƙasa: Hanne ce da ƙafarta ɗaya. Ran nan tuwon gidansa bai yi masa daɗi ba.

"Wannan ai ba waƙa ba ce," ya ce da matarsa. "Surutu ne aka sa wa kiɗa. Layi na biyu ma ya fi na farko tsawo."

Ta ce, "To ai kai ma ka haddace ta, Malam."

Ya ture kwanon tuwon ya tashi.

Ba waƙa kaɗai ke ci masa rai ba, har da tafiya. A ƙuruciya Datti ya ja babbar mota zuwa Maiduguri da Lakwaja da Agadas, kuma ko da ya dawo gida ya zauna, ƙafarsa ba ta zauna ba. Duk shekara in an gama kai amfanin gona gida, sai ya ajiye motarsa mako guda, ya shiga ta wani a matsayin fasinja, ya tafi garin da bai taɓa gani ba. Ba fatauci, ba ziyarar dangi. Ya dawo da labarin yadda masunta ke kiran juna a kan ruwa, ko yadda masaƙan wani gari ke daidaita waƙa da bugun ƙafa, ya kwaikwaya wa fasinja har su ji kamar sun je. Malam Gwadabe kuwa Zariya ce iyakarsa, ita ma kwas ya kai shi. Yana zaune a baya yana jin yadda mota ke yin tsit in Datti ya fara, shi da yake fama da aji kafin a yi masa shiru.

Ya sha ganin abin da waƙar ke yi. Akwai ranar da wani makiyayi da wani manomi suka haɗu a kujera ɗaya, ashe akwai tsohuwar rigimar shanu da gyaɗa a tsakaninsu. Magana ta yi zafi har makiyayin ya laluba sandarsa. Datti bai ce musu ku yi haƙuri ba. Zagin da suke wa juna ya ɗauka, ya jera shi a kan kiɗa, ya sa a bakin saniya da kuma bakin gyaɗa, suna kai ƙarar masu su. Mota ta kwashe da dariya, su biyun suka rasa inda za su sa fuska. A Wudil an gan su suna cin rogo a takarda ɗaya. Kowa ya yaba. Malam Gwadabe ya ce a ransa sa'a ce kawai.

Abin da ya hana shi sake cewa sa'a ya faru ne a Kano, shekara shida da suka wuce. Ya je karɓo wasu takardu, da azahar ya zo tashar da motocin Gaya ke lodi, ya tarar da mutane sun kewaye wata tsohuwa a rumfar mai shayi. Kwananta uku a wurin. Tsufa ya taɓa hankalinta, ba ta san sunanta ba, ba ta san garinsu ba. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Gida za ni." Ana ba ta abinci ta ci, sannan ta koma tana rangaji tana wata 'yar waƙa a maƙoshi.

Wani da ya san Malam Gwadabe ya ce, "Yauwa, ga malamin Hausa. Malam, saurara mana, ko za ka gane daga ina take."

Ya gyara tsayuwa ya saurara. Ya ce, "Waƙar niƙa ce. Daga nan har Katsina ko'ina ana yin ta. Ba za ta nuna gari ba. Ku kai cigiya gidan rediyo."

Datti yana gefe yana ɗaure kaya. Ya bar igiyar ya zo ya tsuguna gaban tsohuwar, ya kasa kunne. Can da ta kai ƙarshen layi sai ya karɓa mata amshi a hankali. Tsohuwar ta tsaya cak. Ta dube shi, ta girgiza kai, ta sake rera wurin, tana gyara masa:

Dutse niƙa mini gero,
Kosam na jira a ƙwarya.

Datti ya miƙe. Ya ce, "Ba daga nesa take ba. A Gaya nono suke cewa a wurin nan, a Ajingi ma haka. Masu cewa kosam da Fillanci, su kuma ja ƙarshen su sauke shi ƙasa, wuri ɗaya na taɓa jinsu. Tsamiyar Jauro, bayan Gafasa. Na taɓa ɗauko gyaɗa a can mata suna yi a bayan danga."

"Yaushe?" in ji Malam Gwadabe.

"An fi shekara goma sha biyar."

Ya sa tsohuwar a gaban mota, ya roƙi fasinja su yi masa uzuri. Ya sauke na Gaya, ya sauke na Ajingi, ya ce zai wuce da ita. Malam Gwadabe bai sauka ba. Ya ce rakiya zai yi, amma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa so yake ya ga an ce ba a san ta ba, ya ga yadda fuskar Datti za ta yi.

Rana ta yi sanyi suka shiga ƙauyen, mota na tangaɗi a kan burtali. Tun kafin Datti ya kashe inji wata mata da ke tankaɗe a ƙofar gida ta leƙo, ta saki rariya, ta kwasa da gudu tana kiran "Goggo! Goggo Hajara!" Nan da nan gari ya fito. Ɗanta Abdulmumin, magidanci mai furfura, ya durƙusa a ƙasa ya riƙe ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Shi ya kai ta asibiti a Kano, ya shiga karɓar magani, ya fito bai gan ta ba. Kwana tara ke nan da ɓatanta, ya yi ta yawon nemanta har ya fara leƙa ɗakunan ajiye gawa.

Suka jawo rago za su sa a mota, Datti ya ce a mayar. Suka nace, ya ce in dai sai an ba shi wani abu, to matan gidan su yi masa waƙar nan tun daga farko, don rabinta kawai ya sani. Aka ɗauko dutsen niƙa da aka daɗe da jinginewa tun zuwan injin niƙa, aka zuba gero. Goggo Hajara, wadda ba ta san sunanta ba, ita ta ba da waƙa, baiti bayan baiti, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Datti na zaune a kan turmi, idonsa a rufe.

Malam Gwadabe yana tsaye jikin mota. Shi ne ya taɓa rubuta takarda guda a kan waƙoƙin mata na ƙasar Gaya, aka ba shi sakamako mai kyau. Kwana uku yana hawa babur zuwa makaranta don kada su haɗu. A na huɗu ya ji hon ɗin Datti a ƙofar gidansa.

"Malam, ka fito, an hana kowa zama a wurinka."

Ya fito ya shiga. Ƙyashin bai tafi ba, sai ma ya ƙara nauyi, don yanzu ya san abin da yake wa ƙyashin gaskiya ne.

Bana ido ya fara ba Datti matsala. Wata rana a kusa da Gaya bai ga mai keke ba sai da ya zo dab da shi. Allah ya kiyaye, ko fasinja ba su lura ba. Ba wanda ya sani, ba wanda zai hana shi ci gaba. Ya kai mutanensa Kano lafiya, ya wuce wajen likitan ido, da ya dawo ya miƙa makulli. Abokan aiki suka ce ya ƙara ko shekara ɗaya. Ya ce, "Ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in ɗora a kan idon da ni kaina ban yarda da shi ba."

Direbobi suka shirya masa walima a tashar Ajingi, suka ce Malam Gwadabe ya yi waƙa. Sati biyu yana rubutu. Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi, Barira ta dama kunu tukunya biyu, har Abdulmumin ya zo daga Tsamiyar Jauro da ƙwaryar nono. Malam Gwadabe ya miƙe da takardarsa, ya karanta baiti biyu, ya ɗaga kai ya ga mutane suna sauraro irin na ladabi. Sai ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ya ce, "Jama'a, bari in faɗi gaskiya. Shekara ashirin da shida ina zaune a bayan mutumin nan ina neman kuskurensa. Na samu da yawa. Waƙarsa tana karyewa, amsa-amonsa yana gudu. Amma ni tawa ba ta karyewa, kuma ba ta taɓa mayar da kowa gida ba. Na yi masa ƙyashi tun muna da baƙin gashi, yau ma da nake tsaye ina yi. Datti, ka yafe mini."

Datti ya goge idonsa da bakin hula, yana murmushi.

"Malam, ai ina ganinka ta madubi. Duk waƙar da na ɗora, fuskarka nake fara dubawa. In na ga ka ɗaure ta tamau, na san ta yi daɗi, sai in riƙe. In na ga ka saki rai, sai in watsar. Kai ka tace mini su duka."

Tasha ta ɗauki dariya. Malam Gwadabe ya so ya ɗaure fuska, ya tuna abin da hakan ke nufi, sai ya zauna yana dariya shi ma, yana cewa, "Ka ga irin abin naka ko? Ko wannan sai da ka fi ni."

Baba Datti, kai ne ka ɗauki hanyar da wasu ke bi suna tsaki, ka mai da ita makaranta. Kai ne ka saurari matan bayan danga a ranar da ba wanda ya ce ka saurara, ka ajiye muryarsu shekara goma sha biyar har ranar da aka buƙace ta. Shekara talatin da ɗaya ba ka zubar da jinin kowa a kan titi ba, da ka ga alamar za a iya, ka sauka da ƙafarka. Direban gaskiya, mai kunnen da ba ya raina magana. Ba a taɓa sa ka a rediyo ba, ba ka da faifai, amma a Ajingi da Gaya da Gafasa ana yaye yara da waƙarka ba a ma san taka ba ce.

Mun gode. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma da kuka karɓi hanyar, matasan direbobi da masu babur da masu adaidaita, har da mu da ke zaune a ofis da aji, ba a ce kowa ya zama mawaƙi ba. A dai riƙe aiki da amana kamar yadda ya riƙe, a kuma rage ƙarar waya a ji abin da na kusa yake faɗa. Wanda kuma ya san akwai wani Datti a unguwarsu da yake jin zafin fifikonsa, ya je ya faɗa masa tun yana iya ji da kunnensa.